Yadda ake zaɓar gajeren sifirin a ɗaura wa ƙaramar mota a Legas

A Legas masu ɗaga mota sun fi masu sauke ta yawa. Mutum zai sayo tokunbo yau, gobe yana gareji ana cusa masa roba a saman shokazoba don cikin motar ya daina gugar titi. Amma akwai masu son akasin haka, galibi samari masu Corolla, Civic, Golf ko Yaris. Suna son motar ta zauna daram a kan tayoyinta, ramin nan da ke tsakanin taya da madigadi ya ragu, ta kuma rage kwanciya gefe idan an sha kwana da gudu. Ana samun haka da gajeren sifirin (sifirin shi ne ƙarfen nan mai zagaye da ke ɗauke da nauyin mota a kan kowace taya), wato wanda kamfani ya ƙera shi gajere tun asali, ya kuma ƙara masa tauri don ya iya ɗaukar nauyin motar. Ɗaurawar ba gagara ba ce, mai haƙuri zai gama a yini guda. Wajen zaɓi ake faɗuwa, domin sifirin da ya dace da titin Jamus zai iya fasa maka tukunyar baƙin mai a kan kwalbatin ƙofar gidanku a Agege.

Kayan da za ka tanada

Jak mai ƙarfi, wanda ake bugawa da hannu ya fi na cikin but. Ƙafafun ƙarfe biyu da za a ɗora motar a kai bayan an ɗaga. Soket da sifana masu lamba 10, 12, 14, 17, 19 da 21, sai dogon hannun soket na kwance notin da ya ƙi. Motocin Jamus irin su Golf suna son 16 da 18 ma. Alanki, filaya, sukundireba, ƙaramar guduma, tef na awo, alli ko farin fenti, waya ko igiya mai ƙwari, burushin ƙarfe, da man fesawa mai kashe tsatsa irin WD-40. Idan babu shi, kananzir da aka ɗiga wa baƙin mai kaɗan yana yi, sai dai ka zuba tun da daddare.

Abu biyu ne ba su da madadi. Na farko shi ne matsar sifirin, ƙarafuna biyu masu ƙugiya da dogon zare da ake murzawa su danne sifirin. Na biyu sifanar awo, wadda ke yin ƙas idan noti ya kai ɗaurin da aka saita. Ita wannan kana iya aro. Matsar kuwa, idan ba ka samu mai kyau ba, ka kwance ƙafar, wato shokazoba da sifirinta a haɗe, ka kai wa mai shokazoba ya canja maka sifirin a teburinsa, ka dawo ka ɗaura da kanka. Kada ka yarda da dabarar ɗaure sifirin da igiya ko waya da wasu yaran gareji ke yi.

Idan babu ƙafafun ƙarfe, gungumen katako mai faɗi ya wadatar. Bulon siminti ba ya cikin lissafi, yana fashewa ba sallama. Sannan ka nemi daɓen siminti mai daidai. Ƙasar unguwanni da yawa a nan jiƙaƙƙiya ce, jak yana nutsewa a cikinta a hankali kana ƙarƙashi ba ka sani ba.

1. Auna motar, ka auna hanyarka

Ajiye motar a wuri mai daidai, iskar tayoyi daidai, but babu kaya. A kowace taya ka auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi, ka rubuta duka huɗun. Kada ka auna daga ƙasa, iskar taya za ta ruɗe ka. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya zama da sama da santimita 1, akwai abin da ya riga ya gaji ko ya lanƙwashe, sai ka fara gano shi.

Sai ka leƙa ƙarƙashi ka nemi abin da ya fi kusa da ƙasa. Yawanci salansa ce, ko tukunyar baƙin mai, ko ƙarfen da ke riƙe da injin. Ƙananan motoci da yawa suna zuwa da rata tsakanin santimita 13 zuwa 16 a nan, tsohuwar tokunbo kuwa ta riga ta ci wani abu daga ciki saboda sifirinta ya gaji.

Ga gwajin da nake sa kowa ya yi kafin ya fitar da kobo. Ɗauki manyan mutum huɗu a motar, nauyinsu zai sauke ta kusan yadda gajeren sifirin zai yi. Bi da su hanyar da kake bi kullum: gangaren ƙofar gida, tudun rage gudu na layinku, mashigar gidan man da kake sha, tsallaken layin dogo idan ta Agege kake bi, da ramukan kusa da kasuwa idan harkarka a Mile 12 take. Wani ya sauka ya duƙa ya ga ratar da ta rage lokacin da kake hawa tudun da ya fi muni. Idan tana gugar ƙasa da mutum huɗu yanzu, to bayan an sauke ta za ta riƙa guga kai kaɗai a ciki. A nan magana ta ƙare, ka sayi sababbin shokazoba da tayoyi masu kyau ka huta.

2. Yanke shawarar milimita nawa

Ana sayar da sifirin ne bisa yawan saukin da zai yi: milimita 25, 30, 35, 40, har 50 da 60. A ra'ayina, motar da za ta rayu a Legas kada ta wuce 30. Wannan ya isa a ga canji da ido, motar ta natsu a kwana, kuma shokazobar asali mai lafiya za ta iya jurewa. Daga 40 zuwa sama sai ka sayi gajeriyar shokazoba, tayoyi su fara karkata ciki suna cinyewa ta gefe ɗaya, kuma ruwan watan Yuni da Yuli ya zama abokin gabarka. Wanda ya taɓa ganin yadda Lekki ke cika ya san santimita 3 ba ƙaramin abu ba ne ga motar da bakin shan iskarta ke ƙasa.

Ka kuma tambayi kanka aikin motar. Idan da ita kake ɗibar iyali zuwa Kano ko Sakkwato da Sallah, but cike da kaya, ta Jebba da Mokwa, ko kana haya da ita a Bolt, ban ba ka shawarar sauke ta ba ko kaɗan.

Sifirin iri biyu ne. Akwai wanda zagayensa duk tazara ɗaya, taurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Akwai wanda zagayen gefe ɗaya suka matsu, sauran suka buɗe: yana da laushi a ƙananan gargada, sai ya yi tauri idan an danne shi sosai. Na biyun ya fi dacewa da titunanmu, kuma yawancin na kamfanonin kirki haka suke zuwa.

3. Saye

Ka san motarka ciki da bai: shekara, girman injin, giyar hannu ce ko atomatik, kuma ta Amurka ce ko ta Turai. Corolla ta 2005 da aka yi don Amurka da wadda aka yi don Turai ba lallai sifirinsu ya zama ɗaya ba, kuma mota mai injin dizal ko atomatik ta fi nauyi a gaba. A jikin ginshiƙin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet akwai takarda ko farantin da ke nuna nauyin da ƙafar gaba da ta baya za su iya ɗauka. Kamfanonin Jamus suna rubuta iyakar nauyin kowane saiti a takardarsa, sai ka gwada da naka.

Sunayen da aka sani su ne Eibach da H&R da Vogtland daga Jamus, sai Tein daga Japan. A Eibach, Pro-Kit shi ne mai sauƙin sauka, Sportline ya fi shi zama ƙasa sosai, ka bar shi ga masu titi mai santsi. A Tein, H-Tech ya fi S-Tech sassauci.

A Ladipo ta Mushin ko kasuwar kayan mota ta Trade Fair kana iya dacewa da saiti, wani lokaci a jikin ƙafar tokunbo da aka kwanto daga waje. Amma fenti ba shaida ba ne. Ana yanke tsohon sifirin a fesa masa ja ko shuɗi a ce maka na tsere ne. Na gaske yana da lambar kaya a buge a jikin zagayensa, wadda za ka rubuta a intanet nan take a wayarka ta nuna maka motar da aka yi wa shi. Na Jamus sukan ɗauki VA a na gaba, HA a na baya, wasu kuma F da R. Dubi ƙarshen ƙarfen: na kamfani a rufe yake da fenti irin na sauran jikin, yankakke kuwa za ka ga sawun dutsen yanka. Jera biyun gaba a ƙasa, tsawonsu ya zo ɗaya, haka na baya. Ka sayi huɗun daga saiti ɗaya. In da hali ka je da tsohon makaniken da kuka saba, 'yan kasuwar sun fi jin kunyar wanda zai dawo gobe.

Za ka haɗu da wanda zai ce, “Oga, kawo a yanke zagaye ɗaya da rabi, kuɗinka ya huta.” Wani kuma zai ce a gasa shi da wutar walda ya zauna. Yankakken sifirin ba ya zama daidai a kujerarsa, kuma idan taya ta faɗa rami ta saki zai iya ficewa daga mazauninsa. Gasasshe kuwa ƙarfensa ya mutu, zai ci gaba da zama ba daidai ba har ranar da zai karye.

Mai Peugeot 206 ya lura: bayanta ba ta da sifirin mai zagaye, sandar ƙarfe ce mai murɗewa. Saitinta na gaba kawai ake sayarwa, bayan kuma sai an zare sandar an juya haƙoranta, aikin wanda ya ƙware a Peugeot ne.

4. Duba abin da sifirin zai zauna a kai

Gajeren sifirin yana sa shokazoba ta yi aiki a can ƙasan tafiyarta, ga shi ya fi tauri. Shokazobar da ta fara gajiya za ta ƙarasa mutuwa cikin 'yan watanni. Idan ka ga jiƙar mai a jikinta, ko ka danna kusurwar motar ta yi ta lilo fiye da sau ɗaya, canja ta yanzu tun da dai za ka kwance wurin. KYB ta isa ga sauki na 25 zuwa 30. Wanda ya dage sai ya wuce haka ya nemi gajeriya irin Bilstein B8. Ka duba robar saman shokazoba da boris ɗin cikinta, robar da ke rufe sandar daga ƙura, da ɗan guntun roba mai hana ta dukan ƙarshe. Duk wanda ya tsage ka saya kafin ka fara.

5. Fitar da ƙafar gaba

Ja birkin hannu, sa giya, tokare tayoyin baya. Sassauta notin taya motar tana ƙasa, sannan ka ɗaga gaban duka biyu ka ɗora a kan ƙafafun ƙarfe. Ɗaga gefe ɗaya kawai yana sa sandar sitabilaiza, wadda ta haɗa ƙafafun biyu don rage kwanciyar mota a kwana, ta ɗaure, ka yi ta fama da link ɗinta, wato ɗan ƙarfen da ya haɗa ta da ƙafar. Cire taya ka tura ta ƙarƙashin motar, kariya ce ta biyu.

Goge zaren kowane noti da burushi ka fesa mai. Tokunbon da ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka ta sha gishirin titi, ga iskar teku ta nan ta ƙara mata, don haka kada ka yi gaggawa.

Kwance ƙaramin notin da ke riƙe tiyon birki da wayar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki) a jikin shokazoba. Mutane suna manta wayar nan, ƙafar ta sauka ta tsinke ta, fitila ta kama a dashbod. Kwance link ɗin sitabilaiza. Idan tsakiyarsa na juyawa tare da notin, riƙe shi da alanki. Sai manyan kusoshi biyu na ƙasa da suka haɗa shokazoba da kan ƙafar, wato ƙarfen da taya da birki ke ɗaure a jikinsa. Zana alama da fenti a kewayensu kafin ka kwance, domin a wasu motoci, kamar Golf 3, da su ake saita karkatar taya. Golf 4 kuwa shokazobarta a cuse take cikin ƙafar da kusa ɗaya, sai an ɗan buɗa bakin kafin ta fito.

Da zarar kusoshin sun fita, kan ƙafar zai so ya faɗo waje da nauyin birki. Ɗaure shi da waya a jikin mota. Idan ka bar shi ya faɗo, zai iya zaro shaf, wato sandar da ke juya taya, daga mazauninsa na ciki, ka ƙara wa kanka aikin da ba ka zo yi ba.

Yanzu buɗe bonet. A saman akwai ƙananan notoci, yawanci uku, kewaye da babba ɗaya a tsakiya. Ƙananan za ka kwance. Na tsakiyar shi ke riƙe da sifirin a matse, kada ka taɓa shi tukuna. Wani ya riƙe maka ƙafar daga ƙasa lokacin da na ƙarshe zai fita.

6. Matse tsohon sifirin

Nan ne wurin da ake jin rauni, ka natsu. Sifirin gaban ƙaramar mota a matse yana riƙe da ƙarfin ɗaruruwan kilo. Kwantar da ƙafar a ƙasa, kanta na kallon bango ko fili, ba kai ba, ba yaran da suka taru kallo ba. Kafin komai ja layin alli daga saman zuwa ƙasa, ka kuma ɗauki hoto, don ka san yadda kowane abu ke fuskantar ɗan'uwansa.

Maƙala ƙarafunan matsar biyu daura da juna, kowanne ya kama zagaye da yawa gwargwadon iko. Shafa giris a zarensu. Murza wannan sau uku ko huɗu, ka koma wancan, haka har sifirin ya saki kujerarsa ka iya juya shi da hannu. Idan ka ga ya fara lanƙwasa kamar baka, ko ƙarafunan na zamewa suna son haɗuwa gefe ɗaya, tsaya, sassauta, ka sake daidaitawa.

Sai yanzu ka kwance notin tsakiya. Riƙe kan sandar da alanki ko sifana ka juya notin. Kada ka damƙi sandar mai sheƙi da filaya, ƙarzuwa ɗaya ta isa ta yaga robar ciki mai ya fara zuba. Jera abin da ka cire a ƙasa bi da bi. Sannan ka sassauta matsar a hankali, gefe da gefe, har sifirin ya huce gaba ɗaya.

7. Ɗaura sabon

Tabbatar na gaba ne ka ɗauko. Rubutun jikinsa ya karantu daidai idan ƙafar na tsaye, sai dai in takardar kamfanin ta faɗi wani abu daban. A kujerar ƙasa akwai ɗan tudu inda ƙarshen ƙarfen ke tokarewa, juya sifirin har bakinsa ya zauna a nan, da robarsa a ƙarƙashi. Rashin yin haka shi ke kawo ƙwas-ƙwas idan an juya sitiyari, da mota mai gefe ɗaya sama.

Wasu kamfanoni suna cewa a rage tsawon robar hana dukan ƙarshe da santimita 1 ko 2, wasu suna cewa a bar ta. Bi takardar. Idan babu takarda kuma saukinka bai wuce 30 ba, bar ta yadda take, amma kada ka cire ta gaba ɗaya.

Gajeren sifirin ba ya buƙatar matsa da yawa. Matse shi daidai yadda saman zai shiga notin ya kama zare sosai. Kujerar sama tana da kibiya ko rubutun da ke nuna ɓangaren da zai kalli waje, bi layin allinka. Ɗaure notin tsakiya, sabo in ka samu, sannan ka saki matsar kana duba bakin sifirin bai goce ba. Mayar da ƙafar: notocin sama da hannu tukuna, sai manyan kusoshin ƙasa a kan alamar fenti, link, tiyon birki, wayar ABS. Ƙarfin ɗaurin manyan kusoshin ya bambanta daga mota zuwa mota, nemi na taka a littafin gyaranta. Yi ɗaya gefen.

8. Baya

A Yaris, Jazz da Golf 4 sifirin baya daban yake da shokazoba, abin da sauƙi. Ɗaga bayan duka, sa jak a ƙarƙashin ƙarfen da ya haɗa tayoyin, kwance kusar ƙasan shokazoba biyun, sauke jak a hankali, sifirin zai saki ka zare da hannu. Idonka na kan tiyon birki kada ya miƙe. Mayar da robobin sama da ƙasa a kan sabon. Bayan ka haɗa, tayoyin na rataye, girgiza sifirin da hannu. Idan yana yawo har zai iya fita, ya yi wa shokazobar gajarta, kada ka hau titi da shi.

A Corolla ta 2003 zuwa 2008 sifirin bayan a jikin shokazoba yake, sai ka bi matakin matsa kamar na gaba, notocin saman kuma ta cikin but ko bayan kujera ake kai musu.

Tsofaffin motoci marasa ABS, kamar wasu Golf 3, suna da bawul a baya mai ƙara ƙarfin birkin baya idan mota ta zauna da kaya. Ka sauke ta, bawul ɗin zai ɗauka kaya ne, birkin baya ya riƙa kamawa da wuri, abin tsoro a jiƙaƙƙen titi. A sake saita shi wajen mai birki.

9. Ɗaurin ƙarshe, motar na kan ƙafarta

Duk kusar da ta ratsa ta cikin bush na roba, kamar ta ƙasan shokazobar baya, kada ka ƙarasa ɗaure ta tayoyi na rataye. Sauke motar, tura ta gaba da baya, danna kusurwoyinta, sannan ka ɗaure. Idan hannu ba ya shiga, ɗora tayoyin a kan katako. Bush da aka ɗaure a rataye yana zama a murɗe kullum, ya hana motar sauka daidai, ya kuma yage da wuri. Notin taya ka ɗaure a gicciye da sifanar awo: Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 103 a ƙananan Toyota, 108 a Honda, 120 a Golf 4. Kafin ka sauke jak gaba ɗaya ka duba zai iya fita, in ba haka ba sa katako ƙarƙashin taya.

10. Gwaji da alaimen

Zagaya unguwa a hankali, gilashi a sauke, rediyo a kashe. Juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ka saurari gugar taya. Dawo ka sake bin kowane noti, ka auna tayoyin huɗu ka gwada da awonka na farko. Kada ka damu idan saukin bai kai yadda aka rubuta ba, sabon sifirin yana ƙara zama cikin mako ɗaya ko biyu. Kuma idan tsohon naka ya riga ya gaji, bambancin zai fi ƙanƙanta, domin kamfani daga tsayin sabuwar mota yake lissafi.

Alaimen, wato saita tayoyi su miƙe daidai, dole ne, sauke mota yana canja yadda tayoyin gaba ke kallon juna. Idan sitiyari ya karkace ko motar na ja gefe, je ranar. Idan tana tafiya sak, jira mako guda ta zauna, sannan ka je wajen masu na kwamfuta, ba masu igiya ba, a duba huɗun. Civic ta 2006 zuwa 2011 tana yawan karkatar da tayoyin baya ciki idan an sauke ta, wani lokaci sai an sa hannun sama mai saiti. A saita fitilun gaba ma, musamman idan baya ya fi gaba sauka, don kada ka riƙa kashe wa mutane ido a gadar Third Mainland, kuma cibiyoyin binciken mota na kwamfuta da ake bi kafin takardar lafiyar mota a jihar suna gwada fitila da birki da shokazoba.

Tsofaffin sifirin ka ɗaure su biyu-biyu, ka rubuta gaba da baya, ka ajiye inda ruwa ba ya taɓawa. Masu sayen mota a nan suna rage kuɗin wadda ta zauna ƙasa, ranar sayarwa za ka so mayar da su. Tudun rage gudu kuma daga yanzu a karkace za ka riƙa hawansa, taya ɗaya bayan ɗaya, ka saki birki kafin tayar gaba ta taɓa shi, domin taka birki a kan tudun yana ƙara dunƙufar da gaban motar daidai lokacin da kake buƙatar ratar.